Angon Ƙarni: Tarihin Matsayin Miji a Lokacin Tsufan Ciki da Haihuwa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya duba abin da aka rubuta game da haihuwa a ƙasar Hausa zai tarar yawancinsa ya tsaya ne a kan mai ciki da ungozoma da jariri. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin mace ce ke ɗaukar cikin, ita ce kuma ke durƙusawa. Amma akwai wani mutum da ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa abubuwa da yawa a wuyansa suke rataye, watau miji, wanda Hausawa ke yi wa laƙabi da angon ƙarni idan an sauka lafiya. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan mutum daga watan bakwai na ciki zuwa ranar suna, a ga abin da al'ada ta ɗora masa, da abin da shari'a ta wajabta masa, sa'an nan a ga yadda zuwan asibiti ya sauya matsayinsa tun daga farkon ƙarni na 20.

Yadda harshe ke ɗauke da jiran

Kafin a shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya lura da kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan sha'ani, domin a cikinsu ake fara ganin halin da miji ke ciki. Magidancin da ya san ya kamata ba ya buɗe baki a gaban manya ya ce matarsa tana da ciki. Iyakarsa ya ce iyali ba su jin daɗi. Mata a tsakaninsu su ne kan ce wance tana da juna biyu, ko ta yi nauyi, ko cikinta ya tsufa, ko ta shiga watanta. Idan naƙuda ta zo a ce tana kan gwiwa, in ta haihu a ce ta sauka, ko an sami ƙaruwa. Addu'ar da ake yi mata kuwa ita ce Allah ya raba lafiya. Kalmar rabawa a nan tana nuna Bahaushe ya san rayuka biyu ne a haɗe, kuma ba kullum ake raba su duka biyun da rai ba.

Haka nan kuma sunayen gargajiya sun adana labarin irin jiran da aka yi. Bakwaini shi ne wanda ya zo a wata bakwai, kafin a gama shiri. Shekarau shi ne wanda aka yi ta ƙirga masa watanni har aka ce ya shekara a ciki. Audi an haife shi bayan rasuwar ubansa, Talle kuwa maraya ne tun yana ƙarami. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana tuna wa gida yadda wancan jiran ya ƙare.

Tanadin maigida

A al'adar Hausawa ta dauri, da zarar ciki ya kai wata bakwai, aikin miji ya fara. Abu na farko shi ne itacen wanka. Mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, in kuwa haihuwar fari ce yakan kai wata uku ko fiye. A wurare da dama kuma ana hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta ta gasa jikinta. Duk wannan itace yake ci, ba kuwa ƙirare ba, gumagumai. Saboda haka miji kan shiga daji da gatari, ko ya sayi bishiya a sare masa, 'yan'uwa da abokai su taya shi jidowa. Tarin itacen da ke bayan ɗaki shi ne ke sanar da maƙwabta abin da bakin maigida ba zai faɗa ba.

Bayan itace sai babbar tukunyar wanka, da geron kunu, da kanwa, da kayan yaji irin su citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono. Sai ragon suna, wanda mai dabara kan saya tun da sauran watanni ya ɗaure a turke yana kiwo, don gudun tsadar ranar bukata. Sai ƙafafun sa da za a yi ƙauri da su cikin kwanakin farko bayan haihuwa, da goron da za a raba, da zannuwan mai jego, da abin sallamar ungozoma da wanzami da maroƙa. Mutumin da aka wayi gari matarsa ta haihu ba itace ba rago, ya sha kunya a idon surukai da abokai, kuma abin yakan bi shi shekaru.

Abin lura a nan shi ne, ba shi kaɗai yake ɗaukar wannan nauyi ba. Saurayin da ya yi aure a cikin gandun ubansa, uban ne ke fitar da hatsi daga rumbu, sau da yawa shi ne ma ke sayen ragon. Uwarsa da gwaggwanninsa su ne ke ƙirga watanni, su san lokacin da za a fara ba mai ciki maganin zaƙi, su san tsohuwar da za a kira. Watau jiran na gida ne gaba ɗaya, miji yana ɗaya daga cikin masu jira.

Kunya da goyon ciki

Idan cikin fari ne, al'ada a wurare da yawa ita ce a mai da yarinya gidan iyayenta wajen wata na bakwai, abin da ake kira goyon ciki. A can za ta haihu, a can za ta yi wanka. A wasu wuraren kuwa sai ta haihu a ɗakinta, bayan suna a tafi da ita wankan gida. Ko ta wace hanya, miji kan aika da itace da hatsi da sauran kaya, amma shi kansa ba ya zarya a gidan surukai. In ya je gaisuwa ya tsaya a zaure, ya tambayi lafiyar mutanen gida a dunƙule, ya juya.

Kunyar ɗan fari ta shafi uba kamar yadda ta shafi uwa. Ba ya kiran sunan yaron, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ranar suna ma wani yakan ɓace ya tafi gidan abokinsa, ya bar iyayensa su karɓi baƙi. Labarin Baba, mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, cike yake da bayanin wannan kunya, kuma mai karanta shi zai ga haihuwa a wancan zamani sha'ani ne na cikin gida wanda mata ke gudanarwa.

Ranar naƙuda kuwa miji ba shi da wuri a cikin gida. Zai koma zaure, ko masallaci, ko ya saɓi fartanya ya yi gona. Ita kanta mai naƙudar ana so ta daure ta yi shiru, har ma sau da yawa ba a kiran ungozoma sai jariri ya faɗo, ta zo ta yanke cibi, ta wanke shi, ta binne mabiyiya. Idan naƙuda ta yi tsawo, abin da ke hannun miji shi ne ya garzaya wurin malam ya karɓo rubutun sha, ya ba da sadaka, ya yi ta addu'a. Tsofaffi kuma su ba da jiƙe-jiƙe, wani lokaci a yi yankan gishiri. In an sauka sai wata tsohuwa ko yarinya ta kawo masa albishir, ya ba da goro.

Za a iya cewa wannan nesantawa ba ta rage wa mai naƙuda kome ba a wancan zamani. Ko da mijin yana tsaye a bakin ƙofa, ba shi da wani wurin da zai kai ta wanda ya fi inda take.

Abin da shari'a ta ɗora masa

Littattafan mazhabar Malikiyya da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa ba su bar wannan lokaci haka kawai ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya sa mai cikin da ya cika wata shida a layi ɗaya da mai ciwon da ake tsoron ajali a cikinsa, da wanda ke cikin sahun yaƙi, ta fuskar cewa kyautarta ba ta wuce sulusin dukiyarta. Wannan hukunci shaida ne cewa malaman farko sun ɗauki tsohon ciki a matsayin hatsari na gaske.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Ɗalaƙ, ya sanya haihuwa ta zama ƙarshen iddar mai ciki, ya kuma umarci miji ya ciyar da ita har ta sauka ko da ya sake ta. Saboda haka mutumin da ya yi saki na kome alhali matarsa na da ciki, damarsa ta mai da ita ba tare da sabon ɗaurin aure ba tana ƙarewa ne da faɗowar jariri. A cikin Suratul Baƙara kuma an ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwa gwargwadon hali.

Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya lissafa abubuwan da ke cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji, har da ruwa da mai da itace da gishiri da nama lokaci-lokaci da tabarma, ya kuma ambaci ladan ungozoma. To, amma a wuri guda ya fitar da kuɗin magani da na ƙaho daga cikin wajibai. Malamai na baya-bayan nan, irin su Shaihu Wahba Zuhaili na Sham, wanda ya rasu a 2015, sun yi bayanin cewa wancan hukunci ya dace da zamanin da magani bai zama larura ta yau da kullum ba, amma yanzu da ya zama kamar ci da sha, ko ma ya fi, wajibi ne a kan miji. Risala ta Ibn Abi Zaid kuwa ita ce ta yi bayanin yankan suna: dabba ɗaya ga namiji ko mace, a rana ta bakwai, ba a kuma ƙirga ranar haihuwar idan bayan alfijir aka haihu. Dalili ke nan da ya sa suna kan faɗo a ranar da aka yi haihuwa idan mako ya zagayo.

Idan aka haɗa waɗannan da abin da ya gabata, za a ga al'ada da shari'a sun taru a kan abu guda: miji mai tanadi ne, mai ciyarwa, mai biyan ladan wadda ta karɓi haihuwa.

Zuwan asibiti

Abubuwa uku suka faru kusan a lokaci guda bayan zuwan Turawa, waɗanda suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne kafuwar asibitoci. An buɗe asibitin cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1920, 'yan mishan kuma suka koma Wusasa kusa da Zariya a 1929 suka kafa nasu. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 aka sami makarantar likitoci da asibitin koyarwa. A karo na farko ke nan aka sami wurin da za a iya fiɗa a ciro jaririn da ya ƙi fitowa, ko a ƙara wa wadda jini ya ɓalle mata jini.

Na biyu shi ne yaɗuwar kulle. A da galibi gidajen sarauta da na malamai da attajirai aka sani da shi. Masana irin su M. G. Smith sun lura cewa bayan gushewar bauta, wadda doka ta soke ɗungurungum a Arewa a 1936, mata da yawa a ƙauyuka sun janye daga aikin gona, domin noman mace ya zama alamar bauta, sai kulle ya bazu cikin talakawa. Watau yawan matan da ba su fita sai da izinin miji ya ƙaru a daidai lokacin da aka sami wurin da fita zuwa gare shi ke ceton rai.

Na uku shi ne tafiye-tafiyen maza da raunin gandu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haƙar kuza a Jos ta ja ma'aikata, cin rani ya ƙaru. Polly Hill, wadda littafinta a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina ya fito a 1972, ta tarar gandun uba da 'ya'yansa yana nan, amma na 'yan'uwa bayan rasuwar uba ba ya daɗewa. Wanda kuwa ya koma birni ya kama ɗakin haya, ya bar uwa da gwaggo a ƙauye, shi kaɗai ya rage wa matarsa.

Sakamakon wannan duka shi ne, mutumin da al'ada ta koya wa ya koma zaure ya yi shiru, yanzu shi ne ake jira ya ce a tafi. Shi zai ba da izini, shi zai nemo mota, shi zai biya kuɗi, shi zai sa hannu a takardar fiɗa, shi kuma za a ce ya ba da jini ko ya kawo masu bayarwa. Idan ya tafi cin rani, sau da yawa babu wanda zai yi ƙarfin halin fitar da matar wani, ko ya ɗauki nauyin kuɗin da ba a san iyakarsa ba.

Abin da binciken Zariya ya nuna

Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 suka rasu, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, wasu bayan kwanaki suna kan gwiwa. Waɗanda suka tsira da rai daga doguwar naƙuda kuwa, da dama sun fito da yoyon fitsari. Daga 1984 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shiga yi wa irin waɗannan mata aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, kuma dubbai sun bi ta hannunsa, cikinsu har da waɗanda mazansu suka rabu da su saboda lalurar.

A cikin 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun laifin hukuma ne da ma'aikatanta, na biyun ya haɗa da hanya da abin hawa, amma na farkon a cikin gida yake. Lewis Wall, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazarin magungunan Hausawa, ya nuna a cikin wata maƙala ta 1998 yadda kunyar mai naƙuda da jiran izinin miji ke haɗuwa su tsawaita wannan jinkiri na farko.

Har itacen wanka da kanwa ma bincike bai bar su ba. A 1978 Davidson da Parry suka ba da rahoton mata 224 a Zariya da ciwon zuciya ya kama bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan gishirin da ke cikin kunun kanwa da zafin wanka da gashi. Sai dai binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama, wanda aka buga a 2020, bai sami wannan alaƙa da ƙarfi ba, ya fi karkata ga rama da talauci da hawan jinin masu ciki. Ko wanne aka ɗauka, abin yana komowa ne ga abin da ake ciyar da mai ciki da mai jego, da kuma kai ta awo.

Ƙoƙarin shigo da miji

Da aka gane haka, sai hankali ya koma kan maza. A jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wajen 2008, hukuma tare da asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara abin da aka kira makarantar mazaje, da makarantu 11. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba suke zama sau biyu a wata, su tattauna al'amuran awo da haihuwa a ƙauyensu, su ja hankalin sauran maza. A wasu jihohin Arewacin Nijeriya kuma, irin su Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, an yi ta kiran magidanta su ba da izini tun da wuri, watau mutum ya faɗa a gaban mutanen gidansa cewa duk sa'ad da abu ya taso a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan. An kuma yi yarjejeniya da direbobin ƙungiyar sufuri su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. A Satumba 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 na aiki ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu.

Duk da haka da sauran tafiya. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Nijeriya ne aka yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16 ne kacal.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Bahaushe bai taɓa ɗaukar watannin ƙarshe na ciki a matsayin lokacin da miji zai naɗe hannu ba. Al'ada ta ba shi wata biyu cur ya tara itace da gero da rago, ta kuma sa kunya a kan wanda ya gaza. Shari'a ta ɗora masa ladan ungozoma, ta kuma shaida masa cewa matarsa tana cikin hatsari tun daga wata na shida. Abin da ya sauya shi ne irin kayan da ake tanada. A inda ake da asibiti, tanadin ya haɗa da kuɗin da aka ajiye gefe, da direban da aka yi magana da shi tun kafin dare ya yi, da 'yan'uwan da suka yarda za su ba da jini, da izinin da aka bari a gida kafin a yi tafiya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa alkunya, domin mutum na iya yin su duka ba tare da ya ambaci ciki a gaban surukinsa ba. Abin da ya rage ga malamai da masu unguwanni da iyayen gida shi ne su sa rashin wannan tanadi ya zama abin kunya ga magidanci, kamar yadda rashin itacen wanka ya kasance ga kakanninsa. Allah ya raba masu juna biyu lafiya, amin.